Ƙayar Kifi

Shekara talatin da ɗaya uwata Geum-rye
tana gyaran kifi a kasuwar Jagalchi.
Ran wata Talata, a tsakiyar zafin Agusta,
ƙayar bayan kifi ta soke ta a gindin babban yatsa.
Ta tsotse wurin, ta tofar,
ta miƙa wa mai saye canjinsa.

Ni kuwa ina hawa na shida, can ƙetaren gari,
ina kiwon fararen ƙwayoyin jini a faranti,
ina shayar da su wani ruwa jaja-jaja,
ina leƙa su ta madubi kamar mai leƙen rijiya.
Masu gadi nake ce musu.
Kwance suke, sun baje, sai ka ce ba su da aiki.

Kullum da hantsi nakan ɗiga musu dafi,
ɗigon da bai kai rabin hawaye ba.
Ba ma ƙwayar cutar ba ce,
ɗan ɓawon rigarta ne kawai.
Amma mai gadi ya san rigar ɓarawo.
Da ya taɓa fatarsa sai saƙo ya ruga ciki,
daga hannu zuwa hannu, har ƙuryar ɗaki,
kafin awa huɗu ruwan ya cika da kururuwa.
Kunne ba ya jin ta.
Ni ce nake auna ta, in rubuta lamba a littafi.

Akwai wani dafin mai huda.
Yakan ɓula bango, gishirin ciki ya tsiyaye,
mai gadin ya gane an shigo masa,
sai ya fasa kansa da kansa
don maƙwabta su ji.
Na sha kallon wannan ina kurɓar shayin sha'ir.
Har kyau yake yi mini.

Daren Laraba ƙanena ya kira.

Hannun ya kumbura kamar an hura safar roba,
ja, sannan shuɗi, ga zafi kamar murfin tukunya.
Likita Ban ta zana iyaka da biro a damtsenta.
Kafin in gama cike takardu
jan ya tsallake layin.

Na san kowace ƙofa da ke buɗewa a jikinta.
Jijiyoyi sun saki don mayaƙa su wuce,
ruwa ya bi su, jini ya rasa ƙarfin hawa.
Kururuwar da aka yi don yatsa ɗaya
ta tada huhu, ta tada ƙoda,
kowa ya fito da wuta a hannu
yana neman ɓarawo a cikin gidansa.
Garin gyaran gira ake rasa ido.
Na san sunan kowane saƙo, da nauyinsa,
sanin bai rage mata zazzaɓi ko kaɗan ba.

Na zauna ina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa.
Ina ce musu a raina:
ya isa, an ji, ku koma ku kwanta,
matar nan ita ce gidan.

Kwana tara.
Yatsa biyu suka tafi, da tsoka daga damtse.
Da ta buɗe ido ba ta tambayi hannun ba,
cewa ta yi, wa ya biya mai ƙanƙara?

Ran Litinin na koma hawa na shida.
Suna nan kwance cikin jan ruwansu,
ba su san komai ba, ba su yi laifin komai ba.
Na ɗauki dafin, na kai bakin faranti.
Hannuna, mai yatsa biyar cif,
ya daɗe a sama
kafin ya saki ɗigon.