Daga Ɗakin Majigi

Shekara talatin da tara ina ɗakin majigi,
can saman tsohuwar silima a Shambazar,
ni da fanka mai tari, da shayi a kofin yumɓu,
da 'yar taga da ba ta fi tafin hannu ba.
Ta nan na san ki, Kajari Sanyal.

Mutanen Kalkata sun biya sun gan ki sau ɗaya, sau biyu.
Ni biya na aka yi in gan ki sau dubu,
ban kuma taɓa cewa na ƙoshi ba.

Na tuna fim ɗin da aka kawo miki takarda
wai jirgin mijinki ya nutse a bakin teku.
Da wata ce, da ta kurma ihu, ta yaga sari, ta zube ana riƙe ta.
Ke sai kika ninke takardar gida huɗu,
kika koma kan kifin da kike kankarewa.
Fuskarki ba ta ce komai ba,
hannunki kaɗai ya san an yi mutuwa.
Mutum ɗari takwas a ƙasa,
ko mai gyaɗa bai motsa ba.

Da kika fito a mai ba da bashi da ruwa,
haƙorin zinariya guda, dariya kamar buɗe tsohuwar ƙofa,
wani direban taragu ya cire takalmi ya jefi allon.
Kwana biyu muna ɗinkin farin ƙyalle.
Manaja Bhaduri sai zage-zage,
ni kuwa na ce a raina: yau an biya ta ladanta.

Furfura ta zo, ba ki kore ta ba.
'Yan jarida suka ce tauraruwa ta dushe.
Sai ga ki kaka mai mantuwa,
kina cigiyar tabarau yana kan goshinki,
aka yi ta dariya har da riƙe ciki,
sannan kika dubi ɗanki kika ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"
Dariyar ta maƙale wa kowa a wuya kamar ƙaya.

Bari in faɗi laifina.
Wani dare fim ya tsinke a faifai na uku,
garin liƙawa na yanke hoto ɗaya tak,
daidai inda idonki ke rabin rufewa.
Yana aljihuna, bayan hoton matata Bithika.
Ta sani. Ta ce ai ba ya cin wuri.

Ranar da za a rufe gidan, an sayar wa masu kanti,
ruwa ya tsuge tun la'asar,
mutum sha ɗaya suka shigo.
Bayan an watse na ji sanda a kan matakala,
ɗaya, ɗaya, da hutu a tsakani.
Wata tsohuwa da lema mai ɗiga ta nemi kujera.
Muryar na fara ganewa, gwiwata ta saki.

Kika leƙa ta tagata, kika daɗe.
"Ashe haka nake 'yar mitsitsiya daga nan."
Na zaro hoton, hannuna na rawa,
kika ɗaga shi ga fitila, kika saki dariyar nan ta ƙofa:
"To, kai ne ɓarawon ƙiftawata!
Shekaru ina zargin mai tace fim."

Na so in yi miki maganar kifin,
da takardar, da takalmin direba,
bakina ya ce, "Ko za ki sha shayi?"
Kika sha rabi, kika ce sukari ya yi yawa,
kika miƙo mini hoton, na karɓa.

Wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba.
Na kunna tocila.
Shekara talatin da tara ina haska fuskarki,
ran nan ƙafafunki na haska,
matakala ashirin da biyu,
har bakin titi inda ruwa ya kai idon sawu,
yaro mai rikisho yana jira, yana ƙorafin an ɓata masa lokaci.