Ƙara Uku a Sheffield

Na danna ta, ta yi tari irin na Baba,
ta ce ƙit, ƙit, ƙit, ta ja bakinta.
Allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
A waje ruwan Sheffield na bin gilashi,
tun azahar ya kasa ko tsugewa ko ɗaukewa.

Na kira Sallau, mai gyara a Burngreave.
Ya ce, "Lantana, ƙirga.
Dogo ne ko gajere?
Ba don ta ba ki haushi take kuka ba,
magana take, sai dai da lissafi."

Uku, gajeru.

"Ƙwaƙwalwa ce. Zare wayar wuta tukuna,
kada mu yi gyaran gangar Auzinawa."

Da bakin wuƙar kicin na kwance sukurori huɗu,
na zuba su a murfin gwangwanin shayi.
Ciki ƙura ta yi kauri kamar bargo,
fanka ta cije,
ga wani silin gemu fari guda ɗaya
kwance a kan wayoyi.
Shi ban hure shi ba.

Na zare sandunan nan biyu,
na goge musu haƙoran zinariya
da magogin fensirin ɗana,
na mayar da su har suka ce ƙas.
Hannuna na rawa, na danna.

Ƙit. Ɗaya tak.
Sallau ya yi dariya: "Wannan sallama ce, amsa mata."

Sai ta rubuto wani ƙorafin da fararen haruffa:
ta manta ranar da muke ciki.
Ɗan batirinta mai kama da kwabo ya mutu,
a wurinta yau ɗaya ga Janairu ce,
shekara ta dubu biyu da biyar.

A shekarar nan Baba na tuƙa bas ɗin dare,
ya shigo da sanyi a kafaɗar rigarsa,
ya zauna nan, tabarau a kan hanci,
da yatsa ɗaya yana farautar haruffa,
yana tara mana sunayen kakanni
don kada mu tashi ba mu san na kira ba.

Fam biyu ne sabon batir a shagon kwana.
Na sayo, yana aljihuna tun magariba.
Ita kuma tana jira in danna in ci gaba.

Gobe na sa mata.
Yau dai a bar ta ta kwana a can.