Kunkurun Baffa

Baffa ya sayo ta da bashin gwamnati,
shekarar da aka mai da shi asibitin Tula,
yana malamin allura, albashi ba ya kai wata.
Ruwan ƙwai ce a lokacin, tana ɗaukar ido,
yaran Jekadafari suka biyo mu har zaure don kallonta.

Inna ta ɗaga gaba za ta ga inji,
sai rami da tayar safaya.
Ta ce, "Malam, an cuce ka, ba ta da hanji!"
Baffa ya yi dariya har hula ta zame,
ya zagaya da ita baya, ya nuna mata zuciyarta.

Ba ta shan ruwa irin na sauran motoci,
iska kaɗai ke sanyaya mata rai.
Batir na kwance ƙarƙashin kujerar baya,
inda muke cushe kamar goro a huhu,
ni da Adda Dija da tagwaye da buhun maiwa.
Ranar da ƙarfen kujera ya taɓa kan batir,
mun wuce Kumo kaɗan, ƙauri ya tashi,
kowa na zargin ɗan'uwansa.
Tun ran nan tsohon silifan Inna ke rufe da shi,
har yau yana nan, ban cire mata.

A hawan Tula kowa sauka yake,
giya ta ɗaya, tana kuka kamar injin markaɗe,
mu muna turi, ƙura har cikin haƙori,
Inna na biye da ƙaton dutse a hannu,
in ta ja da baya ta sa mata waigi.
A can bisa Baffa zai shafa sitiyari,
ya ce, "Sannu, Kunkuru," ya bar ta ta huta.

Likitanta ɗaya ne, Lamela na Billiri,
garejinsa inuwar darbejiya.
Da kwalin ashana yake auna kwantak,
ya busa kafireta da bakinsa, ya tofar.
"Baƙin mai kan kari, Malam, shi ke nan,
kada ka jira sai ta roƙa ka ba ta."

Baffa ya rasu da damina.
Shekara goma sha ɗaya tana bayan ɗaki,
tayoyi sun nutse, kaji na ƙwai a mazaunin direba.
Bana 'yan gwangwan suka zo da sikeli,
suka ce kilo-kilo za su saye ta.

Na buɗe aljihun gaba in kwashe tarkace,
sai ga littafi mai bangon shuɗi, rubutun Baffa:
"Filogi huɗu. Baƙin mai galan ɗaya.
Tagwaye sun fara tafiya.
Faci biyu a Kaltungo. Dija ta ci jarrabawa.
Birki na baya. An yi wa Baba sutura."
Shafin ƙarshe layi ɗaya ne, hannu na rawa:
"A canza fanbel in na samu sauƙi."
Na sallami masu sikeli, na ce ba na sayar da ita.

Lamela ya tsufa, ido ya yi yana,
jikansa ne ya riƙo shi daga tasha.
Fanbel kuwa sai a shagon Obiora muka samu,
can ƙasan kwali, ya kaɗe shi ya ce in ba da abin da na ga dama.
Kwana uku tsohon na lalube da yatsu,
yana kara kunne kamar mai sauraron ciki.
Ran Laraba bayan la'asar ta yi tari,
ta yi shiru, ta sake, ta kama.
Kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsakar gida,
Inna ta fito da carbi a hannu, ba ta ce komai ba,
ta sunkuya ta ɗauki dutse, ta tsaya a bayanta.

Na nemo biro, na buɗe shafin nan,
ƙarƙashin layin Baffa na rubuta:
"An canza."