Biyu, Shiru, Biyu

Shekara goma sha tara ina gaban injin niƙa
a bakin kasuwar Harbo.
Ya ci gero, ya ci dawa, ya ci masara,
da bai ƙoshi ba ya haɗa da kunnena.
In za ka yi min magana, tsaya ta dama,
hagu ta daɗe da ajiye aiki.

Waya na kuka a aljihu ban sani ba,
sai da magariba in tarar da kira tara.
Tasallah ta ce da gangan nake yi,
Garzali mai gas ya ce gudun bashi ne.

Haulatu ta zo hutu daga Dutse,
ta karɓi wayar, ta hure garin da ya toshe mata baki,
ta ce, "Baba, a bar ta ta yi shiru.
Kunne ya gaji, a ba fata aiki.
Kowa za a yanka masa tasa girgizar,
ɗora yatsa nan, buga yadda ranka ke so."
Na ce, "Injin ma ai girgiza yake,
ƙasa na rawa, benci na rawa, haƙorana na rawa,
wa ke jin tarin sauro ana tsawa?"
Ta ce, "Uwa na gane kukan ɗanta a gidan suna."

Sai na buga.
Tasallah, uku a jere, ɗaya a baya,
lugudenta ke nan tun muna da ƙuruciya,
kafin injina ya kashe wa turmi kasuwa.
Garzali, ja guda, dogo, mai nauyi,
irin jan bel ranar da inji ya ƙi tashi.
Haulatu ta tsara nata da kanta,
caf-caf-caf, kaza ta samu tsaki.
Masu cewa na ci kyautar miliyan
ko ƙyas ban ba su ba.

Da muka zo kan Ilu na daɗe.
Ƙanena ne, yana jan motar riɗi zuwa kudu.
Muna samari, in ya kai dare a yawo,
yakan ƙwanƙwasa ƙyauren shago
biyu, shiru, biyu,
don kada tsoho ya farka.
Shi na sa masa.
Haulatu ta ce, "Wannan giɓin na tsakiya fa?"
Na ce, "Bar shi. A nan yake kasa kunne
ya ji ko na taso."

Wata bakwai cinyata na karatu har ta haddace.
Uku da ɗaya, kuɗin cefane.
Dogon ja, in bar shi ya ja ya gaji.
Biyu, shiru, biyu,
in kashe inji ko kwanon wa ke ciki,
in zaga bayan rumfa, in manna ta a dama:
"Yaya, ina Lakwaja."
"Yaya, na wuce Zariya, a dama min fura."

Wata Talata bayan la'asar ta buga nasa.
Na kashe inji, na zaga.
Muryar ba tasa ba ce.
Wani bawan Allah ne ya tsince ta a gefen kwalta,
ya kira lambar da ya gani a sama.

Bana Haulatu ta ce a goge sunan,
kamfani zai sayar wa wani da layin.
Na ce ta bari tukuna.
Abin da ban faɗa mata ba:
wani sa'in wayar na can wurin mai caji,
aljihu wayam, inji na ta ruri,
sai cinyata ta buga biyu,
ta yi shiru.

Nakan tsaya da kwano a hannu,
gari na zuba a kan ƙafata,
yarinyar da ta kawo niƙa na min magana ta hagu,
ni kuwa ina jiran sauran biyun.