Gurbi Talatin

Wata huɗu ina saman bene a Fam Santa,
bayan rumfar masu gyaran waya,
ina koya wa kwamfuta dara.
Gurbi talatin, 'ya'ya sha biyu-biyu,
jera uku ka ci, jera huɗu ba ci.
Na zuba mata dokoki kaf,
na ba ta ido mai hangen taku takwas,
in an ɗauke wuta in ci gaba a takarda.

Ta cinye ni. Ta cinye Nafi'u mai caji.
Na ce to, an gama.

Ran Asabar bayan La'asar
na sa ta a waya, na nufi Ƙofar Mazugal,
gindin darbejiyar da Baba Sallau tela
ya shekara arba'in yana tona ƙasa da yatsa.
Bai yarda ya taɓa gilashin ba.
Ya ce, "Faɗa min inda ta sa,
ni in sa mata tsakuwarta."

Sau uku ya share ta,
goro na kumatunsa bai ko tauna ba.

"Yaro, injinka ya iya lissafi,
sai dai makwaɗaici ne.
Na miƙa masa ɗa guda, ya wawura,
ya bar min ƙofa biyu a buɗe.
Ba a cin dara wajen ci.
Tun wajen zubi ake cin ta,
sauran duk karɓar bashi ne."

Na koma na buɗe abin da na rubuta.
Ga shi nan, layi na ɗari biyu da bakwai:
wanda ya fi 'ya'ya shi ya fi ƙarfi.
Ni na faɗa mata haka.
Kwaɗayin nawa ne, ta ɗauka ta ninka.
Dara ta ci gida.

Sai na ajiye waya.
Kwana arba'in ina durƙuso a ƙasa,
wandona ya koɗe a gwiwa,
ana ci na, 'yan kallo na shewa.
Na koyi ɗan da ke tsakiya
ya fi biyu da suka maƙale a lungu,
na koyi akwai cin da ake gani a kau da kai,
akwai takun da amfaninsa kawai
ya hana wani numfashi.
Da dare in mai da kowane zuwa lamba:
wannan uku, wancan bakwai,
in goge, in mai da shi biyar.

Jiya na sake kai ta.
A taku na tara ya miƙa mata ɗa, kamar da.
Ta dube shi.
Ta matsa gefe ta toshe gurbi.

Baba Sallau ya cire goro daga baki.
"Wa ya koya mata haƙuri?"

Duk da haka shi ya ci,
amma sai da aka kira Magariba.
Yana karkaɗe riga ya ce,
"Ta ba ni wuya, don ba ta da fuska.
Kai kuwa tun kafin ka taka
girarka ta gaya min."

Na hau adaidaita da ƙasa a farcena,
ina tunanin layin da zan gyara.