Lotsar Ƙofar Hagu

A bayan tirela aka kawo ta, ranar Laraba,
ja ce, ko in ce ja ce a da.
Hanci ya shige ciki kamar gwangwanin madara
da yaro ya taka.
Hanyar Jibiya ta ci rabonta.
'Yan gwangwan sun zo da sikeli,
na ce su koma, ba na sayar da majinyaci a kilo.

Injin dai da sauran rai.
Rabe ya murza makulli,
ta yi tari biyu, ta yi gurnani,
tantabarun Ƙofar Ƙwaya suka watse daga kan waya.

Kayanta? Wai sai Italiya,
kuɗin fitila ɗaya ya sayi gidanmu har da rijiya.
Sai na auna ta da igiya da alli.
Na yanka kwali, na kafa, na cire, na sake.
Na ɗora fallen alminiyon bisa kututturen gawo,
guduma ta yi wata bakwai tana magana.
Kakana garma yake ƙerawa;
shi ya ce ƙarfe lallashi yake so,
mai fushi ya je ya sha ruwa tukuna.

Ban mayar mata da fuskar da ta zo da ita ba.
Na buɗe kafaɗa, na tsuke ƙugu,
na sa fiffike a baya irin na shirwa in za ta sauka.
Fenti kuwa shuɗin marina,
baƙi ne har sai rana ta tona shi.

Ranar fita ta ƙi ƙetare kwatar bakin gareji,
ciki a ƙasa kamar damo.
Katako huɗu muka shimfiɗa mata, yara na sowa.

Da la'asar Mannir ya zo yana dogara sanda,
ƙafar ba ta lanƙwasa tun wancan dare.
Bai yi zancen kuɗi ba. Ya zagaya,
tafin hannu na bin jikinta,
har ya tsaya a ƙofar hagu
inda na bar lotsa ɗaya, girman ƙwan zabo.

Ya ce, "Ka manta nan."
Na ce, "Ban manta ba."

Ya daɗe yatsansa na ciki.
Sannan ya miƙa wa Rabe sandar,
ya ce a buɗe masa ɗaya gefen.