Shagon Jabbi

Shekara tara siton Arkilla na kulle,
jemagu ne 'yan haya, ba sa biyan ko sisi.
Bara injin shinkafa ya sauka.
Bana ga mai sola, ga masu busar da albasa,
ga Tumba da tukunyarta, leburori sun yi layi.

Jabbi baduku, shagonsa na jikin katangar.
Dillali ya zo da murmushi:
"Wanga wuri ya yi daraja, baba."
Dubu tamanin ta koma ɗari biyu.

Ya naɗe fatunsa.
Nomau ɗansa ya fito daga injin,
ɓuntu har gira, albashin farko a aljihu,
ya aza akwatin basilla a ka.

Har Gidan Dare ba wanda ya ce uffan.